Baƙin Zare a Ƙafar Mama Ebere

Na san sunan da ake kirana da shi a bayan idona, kuma na san ku ma kun sani: Dakta Mai Ulu. A jami'a aka raɗa mini shi, ya biyo ni har unguwarmu ta Makama a Yola, har yau idan na gifta majalisar ƙofar masallaci nakan ga masu murmushi. Su ban damu da su ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar walimar ritayata, da na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai Baba saura kaɗan ya zama farfesa, bincikensa ne bai yi nasara ba. Cikin tausayi ya faɗa, kuma tausayin ne ya fi ƙona mini rai. Shi ya sa na keɓe wannan babi, don ku ji yadda aka yi daga bakin wanda ya yi.

Sai kun fara sanin mene ne aikin, tunda duk shekarun nan babu wanda ya taɓa zama ya tambaye ni a cikinku, kun dai san Baba yana dawowa gida yana warin ƙonanniyar roba. Akwai wani zare baƙi wuluk da ake kira zaren kabon. Gawayi ne zalla, amma an ja shi ya fi gashin kai siranta, ba shi da nauyi, kuma idan aka jiƙa shi da danƙo ya bushe, ƙarfe ma sai ya sallama masa. Da shi ake yin fukafukan jirgin sama da ƙafafun roba masu tsada. Daga zaren roba ake samunsa, dangin ulun nan da mata ke saƙa hular jarirai. Ana narkar da robar a wani ruwan magani, a matso ta ta ƙananan huji kamar yadda ake murza taliya, a miƙar da ita, sannan a gasa ta a hankali tana ɗaure tamau. Fari ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ruwan ƙasa, ya koma baƙi. Daga nan a rufe tanderu, a kore iskar ciki da wani gas, a ƙara wuta har komai ya fice ya bar gawayin. In ka yi gaggawa ya narke. In aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, ka tarar da abin da ke marmashewa a hannu. Nawa ƙarin shi ne wani gari da nake zubawa a robar tun tana ruwa, mai laushin da ko madubin ɗakin gwaji na yau da kullum ba ya ganin ƙwayarsa, wanda ake ce wa nano. Tunanina shi ne garin nan zai sa roba mai araha ta jeru ta yi ƙarfi kamar mai tsada. Wani abokin karatuna da ke aiki a ƙasar waje ne ya kawo mini shi a 'yar kwalba da ba ta fi ta turare ba, da alkawarin in na samu zaren kirki in kai masa, su auna a injinsu, mu fitar da sakamako da sunanmu tare. Wannan sakamako shi kaɗai ya rage tsakanina da kujerar farfesa.

Ana cikin haka 'yan bindiga suka ƙwace Mubi, mutane suka yi ta gudowa Yola. Kun tuna yadda gidanmu ya koma, ko da yake wasunku suna makarantar kwana. 'Yan uwa da 'yan uwan 'yan uwa suka cika ɗakuna, suka cika zaure, har garejin mota aka shimfiɗa wa tabarma. Mahaifiyarku Dija ta daina dafa abinci a kicin, ta koma murhu a tsakar gida da tukunyar biki. A jami'a kuwa, kamfanin da ke aiko mana robar gwaji ya ce ba ya kawo kaya wannan yanki sai abin da hali ya yi. Na zauna na yi ta kallon kwalbar garina. Sai wata rana na ga kakarku Dada tana warware wata tsohuwar rigar sanyi don ta saƙa wa wani jaririn gudun hijira hula, na karɓi silin na duba, na ce ai wannan ɗan uwan abin da nake nema ne. Washegari na haye Jimeta.

A layin masu kayan ɗinki na babbar kasuwa na haɗu da Mama Ebere. 'Yar ƙabilar Ibo ce, ƙatuwar mace mai babbar murya, da aure ta zo Jimeta tana yarinya, mijin ya rasu, ta riƙe rumfarta ta ulu da maɓallai da allurai. A lokacin mutanensu da yawa sun loda kaya sun koma kudu, ita ta ce a nan ta haifi 'yarta, a nan take bin coci, ba inda za ta. Na ce ta ba ni farin ulu, wanda ba a rina ba, duk abin da take da shi. Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Malam, matanka zai haifi 'yan uku ne?"

Na ce a'a, ƙonawa zan yi.

"Ka saya da kuɗinka ka ƙona? Kai malamin makaranta ne ko malamin tsibbu?"

Duk layin suka kwashe da dariya, ni kuwa da saurin fushina na kusa juyawa. Amma ita ta riga ta jawo mini benci. Na yi mata bayani iya yadda zan iya, ta saurara da hannu a ƙugu, a ƙarshe ta ce ba ta gane komai ba amma ta ga ba mahaukaci ba ne. Daga ranar ta ɗauki aikin kamar nata. Farin ulu ya yi wuya saboda direbobi suna tsoron hanya, ita ce ke bin su da roƙo da faɗa har su sako mata daga Onicha. In ya zo ta tura shi ƙarƙashin tebur, duk macen da ta tambaya ta ce na Dakta ne. Da ta ji labarin yaran da ke gidanmu, duk zuwan da zan yi sai ta ɗura mini guntayen ulu masu launi a leda ta ce a kai wa Dada. Dada kuwa, wadda ke kirana Modibbo yadda Fulani ke kiran malami, kullum da abin da take tarbata da shi.

"Modibbo, an kai ka karatu har ƙasar Turawa ka dawo kana ƙona zare. Matar nan ta fi ka hankali, ita nata ana sa wa yara a ka."

Na ƙona zare, ba ƙarya ta yi ba. Wani ya narke, wani ya tsinke a tanderu, wani yana gab da yi a ɗauke wuta. Garin kwalba yana ta yin ƙasa, ni ina ta ramewa.

Sai bom ya tashi a kasuwar Jimeta. Ba zan bayyana muku abin da na gani a asibiti ba, na yi shekaru ina neman mantawa. Na sami Mama Ebere washegari a gado a baranda, 'yarta Ebere, wadda malamar firamare ce, tana yi mata fifita da kwali. An yanke ƙafar dama ƙasa da gwiwa. Na matsa bakin gadon in gaishe ta. Ita ce ta fara.

"Dakta, kayanka ya zo tun shekaranjiya. Yana ƙarƙashin tebur, in wuta bai ci ba. Ebere zai ba ka makulli."

Wuta ba ta ci ba. Da wannan ulun, da ragowar garin da na kankare daga gindin kwalba, a wani mako da aka bar mana wuta kuma aka ara mini janareta, zaren ya fito. Baƙi, mai sheƙi, yana lanƙwasuwa ba ya karyewa. Na ɗaure ɗan ƙulli a ƙusa na rataya masa galan na ruwa, ya riƙe. Na ƙara wani, ya riƙe. Na zauna a kan kujerar ɗakin gwaji na yi kuka, ba ni jin kunyar faɗa muku. Duka-duka abin bai fi a naɗe shi a tafin hannu ba, kuma babu sauran gari da za a sake. Na kira abokina, ya ce ba zai iya zuwa Yola ba amma zai shigo Abuja bayan 'yan watanni, in kai masa can. Ya kuma gargaɗe ni in kawo shi duka, domin ba sili ɗaya ake aunawa ba, sai an maimaita sau da yawa kafin kowa ya yarda. Na naɗe shi a takarda na sa a kwalin takalmi a saman durowa, na hana kowa share wajen.

A cikin watannin nan aka yi wa Mama Ebere ƙafar roba. Wanda ya yi mata wani Mista Yohanna ne, mutumin wajen Numan, mai aikin haɗa ƙafafu a wani ɗan ɗaki a bayan asibiti. Irin ƙafar nan kofi ne na roba da dungun ke shiga, a ƙasansa an ɗaura bututun ƙarfe, a ƙarshen bututun tafin ƙafa. To Mama Ebere mace ce mai jiki, kuma ba ta san tafiya a hankali ba. Kofin ya tsage daidai inda ya haɗu da ƙarfen. Aka sake wani, shi ma ya tsage, wannan karon tana saukowa daga matakalar coci, ta faɗi, ciwon ya buɗe. Likita ya ce in ya sake buɗewa sai dai a yanke sama da gwiwa, kuma mai shekarunta da nauyinta ba lalle ta sake takawa ba. Danginta suka aiko a kawo ta ƙauye ta zauna a keken guragu. Ranar da muka je duba ta ni da Dija, karo na farko ke nan da na ji muryarta ta yi ƙasa.

"Dakta, in sun kai ni ƙauye, gawa suka kai. Ni kasuwa na sani."

Da muka fito na biya wajen Yohanna, da niyyar in yi masa faɗa, don a ganina aikinsa ne bai yi kyau ba. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ɗauko fasasshen kofin ya nuna mini.

"Yallaɓai, ba daga hannuna ba ne. Nan wajen akwai wani baƙin zare da ake naɗawa kafin a zuba danƙo, shi ke ɗaukar nauyin. Kabon ake ce masa. Namu ya ƙare tun bara, masu kawowa sun ce ba sa zuwa. Safa nake ninkawa a madadinsa, safa kuwa ba za ta ɗauki Mama ba."

Na tambaye shi kamar nawa ake bukata. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini. Na fita na shiga mota, muka kama hanyar gida, Dija tana ta tambayata me ya faru.

Ku fahimci cewa ba abu ɗaya ke damuna ba. Akwai kujerar da na yi shekaru ina hange, wadda na ga yaran da na koyar sun fara hawa. Akwai kuma tsoro, domin zaren nan ba a auna shi ba. Galan na ruwa a ƙusa ba awo ba ne. In na bayar ya tsinke a ƙarƙashinta, ni na yanke mata gwiwa da hannuna. Bayan sallar la'asar na zauna a tsakar gida na zayyana wa Dija da Dada komai. Dija ta daɗe tana tsince shinkafa kafin ta ɗago.

"Malam, ni ba zan ce ka bayar ba, ba zan ce ka hana ba. Na ga yadda ka sha wuya a kan abin nan. Amma in ka bayar, kada ka zo ka yi mini shekara goma kana tsaki a cikin gida."

Dada tana saƙa, ko kallona ba ta yi ba.

"Modibbo, zaren nan tun farko daga rumfar wa ya fito?"

Na ce daga rumfarta.

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ta ci gaba da saƙarta. Na ji haushinta ƙwarai a lokacin, don ta mai da abin da ya hana ni cin abinci kamar maganar aron tsintsiya.

Da safe na sauko da kwalin takalmin. Kafin in fita na yanki wani ɗan kashi na naɗe daban na sa a aljihun gaba, ina gaya wa kaina ko wannan kaɗai na kai Abuja a ga alama. Yohanna ya warware zaren ya ja shi tsakanin yatsunsa, ya dube ni, ya ce a ina na samu. Na ce a tanderu. Na kuma gaya masa gaskiya cewa ba a auna ba. Ya ce safar da yake sawa ma ai ba a auna ta ba, kuma ita an riga an san ƙarshenta. Ya fara naɗi a gindin sabon kofin, yana giciyewa yana ja, ni ina tsaye a kansa kamar mai gadi. Da zaren ya ƙare ya juya kofin, ya sa babban yatsa a wani gefe da ya rage fari.

"Kash. Saura nan kawai, kuma nan ne ya tsage wancan karon."

Na ji nauyin abin da ke aljihuna kamar dutse. Shi bai san komai ba, yana dai kallon farin wajen. Na sa hannu na fito da shi na ajiye masa a tebur. Ya zuba danƙo, abin ya bushe, aka ga baƙin zobe ta cikin robar.

Abokina ya zo Abuja ya koma ban je ba. Na gaya masa a waya, ya ce ya fahimta, kuma na yarda ya fahimta, amma tallafin da yake aiki da shi yana da wa'adi, ya nemi wani a wata ƙasa suka ci gaba. Garin nano bai sake zuwa ba. Shekara ta zagayo bututun tanderun ya fashe, aka yi ta rubutu ba a sauya ba, ɗakin ya zama wajen ajiye karyayyun kujeru. Ba ni da sakamako, ba ni da zare, sai labari, kuma a jami'a ba a ƙara wa mutum girma da labari. Ya yi mini ciwo. Duk ranar da aka yi bikin sabon farfesa nakan je in yi tafi in dawo in kasa cin tuwo. Tsakin da Dija ta hana kuwa na yi shi, ku tambaye ta, ta ce har ya wuce shekarun da ta yanka.

Mama Ebere ba ta san abin da aka yi ba, ta ɗauka Yohanna ne ya samo kaya. Mahaifiyarku ce, da bakinta da ba ya riƙe magana, ta fesa mata a wajen wani suna. Ran Asabar sai ga keke napep a ƙofar gida. Ta sauko da kanta, ta ƙi a kama ta, ta tako har zaure, ta zauna a kujera tana haki. Ta ɗage zani ta ƙwanƙwasa baƙin zoben da yatsa.

"Dakta, madam ya gaya mini. Me ya sa ka yi shiru? Kai wawa ne?"

Na ce wataƙila.

"To shi ke nan. Tunda Turawa ba su auna ba, ni zan auna maka. Na fi injinsu nauyi."

Ta kuwa auna. Duk ranar da na bi ta layin masu kayan ɗinki, tun daga nesa za ta buga ƙafar a ƙasa ta ɗaga murya, "Dakta, bai karye ba," 'yan layi su amsa da dariya. Da Kirsimeti ta aiko Ebere da shinkafa da saƙo ɗaya, da Sallah mu aika mata nama ta maido kwano da saƙo ɗaya. Da farko duk lokacin da wayarta ta shigo sai in ce yau kam ya tsinke. Sannu a hankali na daina tsoro. Da zaman lafiya ya fara dawowa wata ƙungiya ta zo tana raba ƙafafu na zamani kyauta, aka sa sunanta, ta ƙi. Yohanna ya yi ta fama da ita, ya sauya tafin, ya sauya bututun, ya yi ta cike cikin kofin da soso saboda dungun ya rame, amma kofin da zoben ta ce ba a gama awo ba. A kan ƙafar nan ta aurar da Ebere, a kanta ta yi rawa a bikin babbarku, kuna gani kuna tafi ba ku san a kan me take tsaye ba.

Bara hawan jini ya kwantar da ita, ba ta daɗe ba ta rasu. Aka kai gawarta garinsu kamar yadda suke yi. Bayan an gama zaman makoki Ebere ta dawo Jimeta, ta zo Makama da ƙunshi a cikin zanin uwarta, ta durƙusa ta ajiye a gabana.

"Baba Dakta, Mama ta ce kada a binne ta da shi. Ta ce a gaya maka ta gama nata awon, bai karye ba. Wai yanzu ka aika su yi nasu, su ba ka abinka."

Na buɗe, sai ga ƙafar. Robar duk ta dafe, ta karce, bakin kofin ya cinye, an ɗaure wani gefe da tsumma. Zoben yana nan yadda Yohanna ya naɗa shi, har da ɗan kashin da ya fito daga aljihuna, ina iya gane shi don ya ɗan karkace.

Usman, kai ne ka ce yanzu akwai injin awon nan a ƙasar nan, ka ce a aika, ko ba kujera a wanke sunan Baba a daina ce masa Mai Ulu. Na san don ni ka faɗa, kuma na ga ranka ya ɓaci da na ce a'a ban ba ka dalili ba. Ga dalilin. Awon nan ba dubawa ake yi da ido ba. Yanka abin ake yi gunduwa-gunduwa, a maƙale kowace a bakin inji, a yi ta ja, a yi ta ja, lambar da ake nema ita ce wadda inji ya nuna a daidai lokacin da ya tsinke. Babu wata hanyar sanin ƙarfinsa sai an karya shi.

Ƙafar tana nan a saman durowa, inda kwalin takalmin yake a da. In na mutu ku yi yadda kuka ga dama da ita, ba zan yi muku Allah ya isa ba. Amma matar nan ta yi shekara da shekaru tana gaya mini bai karye ba, kuma ina raye babu wanda zai karya mata ƙafa a karo na biyu.